Kulocin da Ya Makara

Bappayo ya soka na'ura ƙarƙashin sitiyari,
allo ya tofo lamba, ko sallama babu.
Na bi ta da yatsa, na karanta:
kuloci na biyu yana jinkirin kamu.

Biyu ne a cikin giyar, kamar mata a lugude,
wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke.
In ɗaya ta makara, turmi ya yi shiru,
mota ta yi turus a hawan Tumfure.

Na ɗauko sifana. Oga ya ce, "Ajiye."
Ya ɗiga man giya a farcensa, ya sansana:
ƙauri, baƙi kamar gindin tukunya.
"Lamba ciwo ta faɗa maka, ba mafarinsa ba.
Kawo bokiti."