Kwana Ɗaya a Gindin Kufena

An ba da dogon hutu, gida ya koma kasuwa.
Litinin Ukasha ya fasa randa,
Talata Mardiyya ta yi wa kyanwa kitso,
Laraba uwarsu ta dube ni, ba ta ce uffan ba.
Na gane karatun. Na fita duba man mota.

Tabarma biyu, fitila, igiyar shanya,
tamfol na aro daga Malam Tanimu mai shago,
dafa-duka a tukunya ɗaure da tsohon ɗankwali,
ga auta Zubairu a kan cinya
yana tsotsar makullin gida.
Ba mu wuce Wusasa ba
sau bakwai aka tambaye ni ko mun iso.

Wani manomi ya ba mu gefen gonarsa,
ya ƙara mana da masara huɗu.
Ya kalli tamfol, ya kalle ni,
ya ce, "Malam, gidanku ne ya rushe?"
Na ce a'a, shaƙatawa muka zo.
Ya ce to, Allah ya kyauta.

Ruwan damina ya taru a kwarin dutse,
ni bai kai min gwiwa ba,
Ukasha ya ce teku ne.
Na sa tafin hannu a ƙarƙashin cikinsa
yadda kawuna ya yi min a Galma
shekarun da ba ni da tumbi.
Buga ƙafa! Rufe baki!
Ya sha, ya yi tari, ya ce in sake shi.
Ashe na daɗe da sakewa, bai sani ba.

Mardiyya ba ta shiga ba sai idon sawu,
tana farautar talibambam da kwalbar lemo.
Safara'u kuwa tana bisa dutse
tana ƙirga kawuna, ɗaya, biyu, uku,
ta koma farko,
har da nawa a cikin lissafi.
Ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne,
kuma duk kwanduna ta haifa.

Sau biyu rumfar tana faɗuwa.
Na uku ta tsaya a karkace
kamar hular mai gyangyaɗi.
Muka yi magariba a kan dutse mai sauran ɗumin rana,
yaran a bayana suna ƙunshe dariya
don wani kwaɗo ya amsa amin.

Can ƙasa Zariya ta kunna fitilunta,
rabi da wuta, rabi babu.
Ukasha ya rantse ya hango gidanmu.
Mardiyya ta tambayi wa ke ɗauke wa taurari wuta.
Kafin in haɗa amsa ta yi barci,
guntun masara a hannu.

Ƙarfe biyu na dare hadari ya taso daga gabas.
Iska ta ɗauki tamfol ɗin Malam Tanimu
ta tafi da shi inda ba a biyan bashi.
Na saɓi biyu, ta goyi ɗaya,
muka cushe a mota, gilashi ya yi gumi,
ƙafar wani a wuyana, gwiwar wata a haƙarƙarina,
warin jiƙaƙƙen kaya da maganin sauro.
Sai na ji kafaɗar Safara'u tana rawa.
Na ɗauka kuka ne.
Dariya take, har da hawaye.

Da asuba takalmi ɗaya ya ɓata,
bayana ya ƙi miƙewa,
tamfol yana rataye a kan ɗorawa, ya yage gida biyu.
Ina lissafin kuɗinsa a zuci
Ukasha ya ja min riga:
"Baba, gobe ma?"

Yau kwana tara.
Kwalbar tana bakin taga,
biyu daga ciki sun fara fitar da ƙafa.
Mardiyya ta ce dole a mai da su wurin uwarsu,
kuma ta san hanya.