Tarago Na Shida

Tikitina ya ce tarago na shida.
Na bi gefen jirgi a tashar Yamai ina ƙirga:
ɗaya, biyu, huɗu, sai wata huɗu,
uku ta yi ɓatan dabo.

Daga nan sai tara a rataye,
ƙusa guda ta riƙe ta, tana lilo.
Na tambayi Arzika mai usur,
ya karkata kai, ya ce:
"Shida ce, tsayuwa ta gundure ta,
ta yi adungure."

Na shiga. A kujerata wata tsohuwa
ta baje ƙunshin kilishi da buta.
Tikitinta tara, ta rantse
jikanta ya karanta mata allon.
Kowa da gaskiyarsa,
kujera kuwa ɗaya.

Na zauna kan buhun albasarta.
Ta yago kilishi ta miƙo mini:
"Ɗana, kan jirgi ɗaya ne.
In shida ta kai Doso,
tara ba ta kwana a hanya."

Har yanzu ba a busa ba.
Ta taga na hango Arzika
ya taka benci da guduma,
ya buga ƙusa ta biyu,
ya tabbatar da tara.