Rigar Kofur Mato

A ƙasan adakar Iya na tsinci hoton,
tsakanin ƙullin kanumfari da tsohon rasit ɗin ruwa.
Kakana ne, Kofur Mato, tsaye ƙiƙam,
riga mai aljihu huɗu, kowanne da murfinsa,
ɗamara ta shaƙe masa ciki,
ya kafe mai hoto da ido kamar yana bin sa bashi.

Na ce sai na ɗinka irinta.

Ran Talata na shiga Kantin Kwari,
na taɓa yadi ya fi ashirin,
wannan ya cika ƙyalli, wancan ya cika laushi,
har wani dattijo a layin baya
ya jawo min kaki mai kauri daga ƙarƙashin benci,
launin ƙasar Goron Dutse bayan ruwan fari.
Yadi uku da rabi.
Ya ce, "Ki jiƙa shi tukuna, 'yata,
kaki sai ya sha ruwa yake faɗin gaskiyar tsawonsa."

Maɓallan tagulla kuwa sai Ƙofar Wambai,
cikin gwangwanin wata mai gwanjo.
Bakwai iri ɗaya, na takwas bare ne.
Na haɗa har da shi.

A tsakar gidanmu na Gwammaja na baje tabarma,
na fitar da fasali a takardar buhun siminti,
guntun sabulu ne allina.
Keken mahaifiyata na ƙafa ne,
a kawo wuta, a ɗauke wuta, bai dame shi ba,
kakat-kakat, kakat-kakat,
fareti yake a wuri ɗaya.
Allura biyu ya karya min a kwala.
Sau uku ina farke kafaɗa,
maɗaurin nan ya ƙi kwanciya,
sai ɗaga kai yake kamar kurtu sabon shiga.

Yayana Sadisu ya leƙo da kofin shayi:
"Ke, kar ki sa igiya a hannu, kar ki sa tambari.
Kika bi ta gaban bariki da wannan,
da tsallen kwaɗo za ki kai Kurna."
Na goge igiya biyun da na riga na zana,
na yi ɗan surfani da shuɗin zare a bakin aljihu,
don a san tela ce ta wuce, ba soja ba.

Dare na huɗu na yanke zaren ƙarshe.
Sitacin rogo, dutsen guga na gawayi,
har rigar ta iya tsayuwa ba kowa a ciki.

Na kai wa Iya.
Ta laluba tabarau, ta shafa kwala, ta ƙirga maɓalli,
sai ta fashe da dariya har da tari.
"Ta yi kyau. Amma kin yi ta daidai jiki.
Sake duba hoton, hannun a naɗe yake ta ciki.
Ba tasa ba ce, ta Saje Barau ce, aro ya yi.
Shi fa wake yake dafa wa bataliya,
bai taɓa harbin ko kurciya ba.
Kofur ɗin ma 'yan unguwa suka laƙaba masa.
Tasa duk toka ce da manja,
ya ji kunyar in gan shi a cikinta."

Na kai hoton gaban fitila.
Ga naɗin kuwa.
Ga wuya yana yawo cikin kwala,
ga hannun dama a ɓoye bayan cinya,
Iya ta ce ƙunar tukunya yake ɓoyewa.

Da safe na ɗora ta kan zanena, na shiga madafa.
Albasa ta faɗa cikin manja,
ɗigo ɗaya ya yi tsalle
ya sauka ƙasa da maɓallin nan bare.
Na kai hannu ga tsumma, na fasa.
Iya na daga ƙofar ɗaki tana jan carbi,
ta ce, "Juyo in gani."
Ta daɗe tana kallo.
Sai ta ce, "Waken naki zai kama."