Allurar da Ta Ƙi

Da hantsi ya shigo, bai ko yi sallama ba,
Asumane, yaron da aka turo mana bara daga Dogon Dutsi.
Ya aza fistole bisa tebur kamar mai aje gawa:
"Ajidan, ta ci amanata.
Na ja kunama, ba ta tashi ba."

Na ce zauna. Ban tambaye shi komi ba.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin makamai a Tawa,
na san ƙarfe ya fi mai shi saurin faɗin gaskiya.
Na zare gidan harsashi, na leƙa ciki sau biyu,
don wadda aka ce ta mutu, ita ka kisa,
haka tsohon da ya koya mini ya ce,
kuma bai faɗa da yatsu goma ba.

Harsashin na nan kwance, bai je ko'ina ba.
Na juya gindinsa wajen taga:
ga ɗan tabo, kamar sawun tsinke bisa tuwo.
Allura ta zo, ta ƙwanƙwasa ƙofa,
amma ba ta buga da zuciya ɗaya ba.

To, laifin wa?
Na shimfiɗa tsumma, na warware ta gaɓa-gaɓa.
Kunama lafiya. Guduma na amsa kira.
Murɗaɗɗen ƙarfe na matsa shi, ya miƙe da fushi,
bai tsufa ba.
Sai can cikin ramin allura,
tsohon mai ya daskare, ya haɗa kai da rairayi,
ya yi baƙi kamar daddawa.
Na nuna masa a bakin tsinke:
"Ga ɓarawonka. Yaushe rabonka da shara?"
Ya sunkuyar da kai, bai amsa ba.

Ina gogewa, shi kuwa bakinsa ya kwance.
Wai jiya, a shingen hanyar Ƙonni, bayan biyun dare,
wani ya taho cikin duhu da abu bisa kafaɗa.
"Na ce tsaya. Na ce tsaya sau uku, Ajidan,
bai tsaya ba."
Ya ja. Ƙas! Shiru.
Kafin ya sake, mutumin ya iso ƙarƙashin fitila.
Ashe Nomau ne, kurman Badagishiri,
gatarin amalankensa ya karye da lodin albasa,
ya saɓo shi yana neman mai walda.
Har ya yi masa murmushi, ya ɗaga hannu.
Bai ma san an yi ba.

Tsumman ya tsaya a hannuna.
Waje ana kiran sunaye, tantabaru na rigima bisa kwano.
Na dubi ɗan dattin nan da bai kai ƙwayar gero ba.
A takarda sunansa sakaci,
kwana huɗu a tsare, in na rubuta.
Wani sunan da ke gare shi,
ba a ba ni layin rubuta shi ba.

Na ɗiga mai, ɗigo guda, na mayar da kowa ɗakinsa.
Aikina ke nan, ban da wani.
Gobe wanda zai taho cikin duhu
wataƙila ba gatarin amalanke zai saɓo ba.
Muka zaga bayan katanga, na auna buhun ƙasa,
ta yi magana sau uku, ba ta yi in-ina ba.

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu,
kamar ta ƙara nauyi.
Harsashin kuwa na jefa shi gwangwanin madara,
ya tarar da ƴan'uwansa shida masu tabo a gindi.
Ran kasuwa na sayi albasa wajen Nomau.
Ya cika mini tiya har tana zuba,
ni kuwa ban nemi ragi ba.