Gadar da Ta Jira Hanya

Shekara arba'in da ɗaya tana tsaye
a tsakiyar gonar dankalin Wendelin Thelen,
ba hanya a gabanta, ba hanya a bayanta,
kamar ƙofar da aka kafa aka manta da ɗakin.
Mu mutanen tsaunukan Eifel mun saba da ita.
Ƙarƙashinta tumakina ke fakewa in ruwa ya kece,
a samanta 'yata Irmtraud ta koyi keke:
taku sittin, sai ta juyo,
don daga nan sai iska.

Kwalta ta taso daga arewa, ta gaji a bakin daji.
Wata ta taso daga kudu, ta tsaya a bayan tudu.
Duk tirelar da ta rasa guntun da ke tsakani
ta ƙofar gidana take bi,
kofunan shayi na ta karkarwa a kabad,
bangon cocinmu ya tsage daga taga har ƙasa.

An shiga kotu saboda jemagu.
An koma saboda idon ruwa, an sake komawa saboda kuɗi.
Ni na sa hannu a takardar a gina,
ƙanena Gottfried ya sa a ta kada a gina.
Hunturu uku ba mu haɗa tebur ba.

Bara katafila ta iso.
Injiniyar, Dorota, sa'ar jikata ce.
Ta shimfiɗa taswira a goshin motarta:
madauki huɗu, kamar an ƙulla igiyar takalmi sau biyu.
Na ce, ina itacen tuffan Wendelin?
Ta ɗora yatsa cikin madauki na uku.
Ba ta ɗago kai ba.

Tsohuwar gadar kuwa, sun auna, sun ƙwanƙwasa,
suka ce ta yi ƙunci, tsatsa ta cinye rodinta.
Kwana biyu suka kai ta ƙasa.
Duk tayar da ta taɓa ɗauka
ta keken Irmtraud ce.

Daren jiya aka buɗe mahaɗar.
Kofuna suka yi tsit. Barci ya ƙi zuwa.
Na ɗauki tocila na fita,
na iske Gottfried zaune kan shinge
yana kallon jajayen fitilu
suna kewaya inda dankali yake a da.
Ya matsa mini wuri.
Sanyi na cizon kunne, ba wanda ya tanka.
Sai can ya ce:
"Kin dai rufe tumakin ko?"