Asabar a Coventry

Fam ɗari bakwai, in ji mai gareji,
bai ko ɗago kai daga allonsa ba.
Na ce na gode. Na sayo famfon ruwa a kwali,
da bel, da 'yan tayoyi biyu masu ɗame shi,
na ɗaga motar kan jak a ƙofar gida
cikin yayyafin da ya kasa yanke shawara.

Uwani, haska min. A'a, nan,
ba fuskata ba.

Noti na uku ya ƙi.
Shekara sha huɗu yana lasar gishirin titi,
tsatsa ta ci shi har ya manta shi noti ne.
Na lallashe shi, na zage shi da Zazzaganci,
sufana ta suɓuce, ta tafi da fatar yatsa.
Sai ya saki, kamar mai bashi ya ga shaidu.

Ruwan lagireto, ja-ja, mai ƙamshin alawa,
ya bi hannun riga har hammata.

La'asar ta wuce. Na rasa hanyar bel,
ta sama ko ta ƙasa?
Yarinyar ta miƙo bayan ambulan ɗin kuɗin wuta:
tun da safe ta zana shi, ban gani ba.

Na murɗa makulli.
Kukan nan na wata biyu, shiru.
Muka tsaya muna leƙen ƙasan mota,
muna jiran ɗigo.

Baba, ta ce, cikin ɗari bakwai ɗin
nawa ne nawa?