Wadda Ba Ta Kan Allo

Ƙarfe uku na dare a Nashik.
Na tuɓe takalmi, daɓen ɗakin da sanyi,
shayin da Waman ya kawo tun sha biyu ya huce.
Gabana allo ne, faɗin bango,
garin nan kaf yana kansa,
an tace hayaniyar, an bar mini ɗige-ɗige.

Kowane ɗigo waya ce a aljihun wani.
Ban san sunansa ba. An hana ni sani, na kuma gode.
Iyakar sanina, yana gangarawa kogi,
shi da dubun dubatar irinsa,
su tsoma jiki a Godavari kafin gari ya waye.

Kore, ana tafe ana lilo da hannu.
Rawaya, kafaɗa ta fara gaisawa da kafaɗa.
Ja kuwa ba launi ba ne a ɗakin nan,
haƙarƙari ne da ya rasa inda zai buɗe.

Malaminmu ya ce taro ruwa ne,
a yanka masa magudana, ya bi.
Rabi na yarda.
Ruwa ba ya juyawa neman ɗansa.
Ruwa ba ya tsayawa cinikin kwandon fure
a daidai inda hanya ta tsuke.

Uku da rabi, lungun masu tagulla
ya fara nuna kamar barkono.
Na ɗauki rediyo: "Sajan Bhalerao,
datse bakin lungu, karkata su ta gada."
Ya ce, "Nawa allonki ya ƙirga?"
Na ce dubu huɗu.
Ya yi wata dariya marar daɗi.
"Ninka. Ga yara a wuyan iyaye,
ga tsofaffi, ga masu shafe jiki da toka
da ko aljihu ba su da shi."

Na sani, Sajan. Ai tawa tana ciki.

Kakata Indumati.
Wayar da na saya mata tana gida, a kashe,
cikin gwangwanin shinkafa.
Ta ce kogi ya san ta shekara saba'in,
ba sai an yi masa kwatance ba.
Shuɗin sari, gwiwar hagu mai gardama,
tsawonta bai kai hammatar namiji ba.

Sai na daina duban ɗige-ɗige,
na koma duban duhun da ke tsakaninsu.
Can take.
Wata 'yar tazara, faɗin ƙwayar gero,
wadda na'ura ta rubuta: babu kowa.

Ƙafata ta nemi takalmi.
Hannuna ya ƙi.
Na aika saƙo ga duk wayar da ke lungun:
ku bi ta gada, akwai fili, kada ku yi gudu.
Minti ɗaya.
Biyar.
Waman yana addu'a ƙasa-ƙasa, ya manta ina ji.
A na goma sha biyu wutsiyar jan ta lanƙwasa,
ta sirance, ta koma rawaya,
na gano ashe tun ɗazu
ina cizon murfin biro.

Da hantsi na same ta a tsakar gida
tana matse sari, takalmi ƙafa ɗaya,
goshi da jan gari, baki cike da mita:
"Wani marar kunya ya rufe lungun tagulla,
ya sa na zagaya har gada da wannan gwiwa!"

Ban ce ni ce ba.
Na ɗumama man kwakwa, na ja kujera,
na ɗora ƙafarta a cinyata.
Tana ta zagin marar kunyar,
ni kuwa ina ƙirga yatsunta.

Daren nan zan koma.
Na riga na manna takarda a gefen allo,
da rubutun hannuna, don mai karɓata:
a kan kowane ɗigo ƙara yaro,
a bayansa ƙara tsohuwa.